Bambancin "see", "look" da "watch", da karin maganar Turanci a kan ido

Ɗalibar Aji Shida:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina neman a warware mini kalmomin gani na Turanci kafin jarrabawar WAEC ta zo. Mu a Hausa muna da gani da duba da kallo, kuma ko yaro ba ya rikita su. A Turanci kuwa ga "see", ga "look", ga "watch", sannan a labaran da ake ba mu mu karanta sai a tarar da "stare", "gaze", "glance", "glimpse", "peer", ƙamus kuma ya ba su ma'ana kusan ɗaya. Ta yaya ake sanin wadda za a ɗauka? Me ya sa ake ja wa "I am seeing the board" jan layi, alhali Hausarta "ina ganin allo" daidai take?

Ta biyu kuma karin magana ce. "See eye to eye" shi ne ido da ido namu? "A sight for sore eyes" yabo ne ko kushe? Daga ina "turn a blind eye" ya samo asali? Allah ya saka da alheri.

Malamin Nahawu:

Wa alaikumus salam, 'yata. Ki fara daga abin da kika riga kika sani, domin rabon da Hausa ta yi ya kusa dacewa da na Turanci. "See" shi ne abu ya faɗo a idonki, kin nufa ko ba ki nufa ba. "Look" ke ce kika kai idon da gangan. "Watch" kin kai idon kuma kin bar shi a kan abin da ke motsi ko yake canzawa, kina bin sa na ɗan lokaci. Jimla ɗaya ta isa ta nuna miki biyun farko: "I looked, but I didn't see anything", na duba amma ban ga komai ba.

Inda Hausa ke zame wa ɗalibi shi ne kallo da duba sun fi takwarorinsu faɗi. Muna cewa kalli wannan hoton, muna kuma cewa kallon ƙwallo. Hoto ba ya motsi, saboda haka "look at this picture". Ƙwallo tana motsi, "watch the match". Duba ta ma fi yawan rassa. Duba agogo "look at" ne ko "check". Duba mini makullina "look for" ne. Malami ya duba takardun jarrabawa, "mark" ne. Likita ya duba marar lafiya, "examine" ne. Ke kuma in kin je dubiya, "visit" za ki ce ko "go to see". Wanda ya rubuta "I went to look my aunt in the hospital" duba ce ta ja shi.

Batun jan layin. "See" tana cikin rukunin su "hear", "know", "understand", "believe", waɗanda ke nuna hali ba aikin da mutum ke aiwatarwa ba, kuma irinsu ba su cika ɗaukar -ing ba. Mu kuwa "ina gani" muke cewa, da "ina" ɗin da muke sa wa "ina tafiya" da "ina ci", sai ɗalibi ya ɗauko "I am" ya liƙa. Abin da Bature zai ce shi ne "I can see the board". Wannan "can" ba iyawa take nufi a nan ba, ita ce ke riƙe da "ina" ɗinmu. Haka "I can hear you" yake, ba "I am hearing you" ba. In kuma "ina ganin" ɗin ra'ayi ne, kamar ina ganin za a yi ruwa, to ba "see" ba ce sam, "I think it will rain" ne.

"I am seeing" tana halatta, amma ma'anar ta tashi daga ido. "I am seeing the doctor on Monday" an sa miki ranar ganin likita ke nan. "He is seeing someone" yana neman wata, suna tare. "You are seeing things" gane-gane kike yi, kina ganin abin da babu. Don haka namiji ya ce wa mace "I am seeing you" yana nufin ina ganinki, ya faɗi abin da bai yi niyya ba.

Sai ƙananan dokoki da ake cin maki da su. "Look" ba ta taɓa abin da ake kallo sai da "at", ita kuwa "watch" ba ta son komai a tsakani: "look at him", "watch him". Talabijin kullum "watch" ake yi. Fim ana "watch" ɗinsa a gida, a sinima an fi cewa "see", kuma in tambaya ce ko mutum ya taɓa kallonsa, "Have you seen it?" aka fi ji. Bayan "see" ko "watch" in wani aiki ya biyo, siffa biyu ce kawai. "I saw him cross the road", kin ga tsallakawar daga farko har ƙarshe. "I saw him crossing the road", kin gan shi yana tsakiyar tsallakawa, ba ki shaida ƙarshenta ba. "I saw him crossed" kuskure ne, duk da abin ya wuce, domin "saw" ta riga ta ɗauki lokacin. Sannan "look" mai nufin kama ko alama tana tafiya da sifa kai tsaye, "you look tired", amma da suna sai an sa "like", "you look like your mother".

Wadda na fi so ki riƙe saboda wasiƙa ita ce "look forward to". Wannan "to" ɗin ba irin ta "to go" ba ce, irin ta "to Kano" ce, suna take nema a bayanta. Shi ya sa daidai shi ne "I look forward to hearing from you". "To hear" a nan kuskure ne da ya cika wasiƙun neman aiki.

Sauran kalmomin kowace tana amsa tambaya biyu: tsawon wane lokaci aka yi kallon, kuma da wane irin zuciya. "Stare" ƙura ido ne, mai tsawo, kuma a wurinsu rashin ladabi ne a yi wa baƙo. "Gaze" shi ma mai tsawo ne amma da taushi, na sha'awa ko na wanda ya lula tunani, kamar uwa da jaririnta ko mai kallon taurari. "Glare" harara ce. "Peep" da "peek" leƙe. "Peer" kallon wanda gani ke yi wa wuya, cikin duhu ko hazo ko don ƙarfin idonsa ya ragu. "Squint" tsuke ido saboda rana ko ƙananan haruffa. "Blink" ƙifta ido biyu, "wink" kashe ido ɗaya da nufi. "Spot" ta yi kusa da hango, a tsamo mutum da ido cikin taro.

"Glance" da "glimpse" su ne masu rikici, domin dukansu gajeru ne. Ki mayar da su ga dokar farko. "Glance" 'yar gidan "look" ce: ke kika kai ido kika ɗauke da sauri, "she glanced at her watch". "Glimpse" 'yar gidan "see" ce: abin ne ya gifta, kika ɗan gan shi bai cika ba, "I caught a glimpse of the thief". Shi ya sa ake "take a glance at" amma ake "catch a glimpse of". Masu shirya tambayoyin cike gurbi suna son wannan bambancin ƙwarai.

Tafinta Bazazzagi:

Malam ya gama da nahawu, Allah ya ƙara basira. Bari in ɗauki karin maganar, ƙanwata. Wanda bai yi kama da komai a Hausa ba ba shi da haɗari, domin za ki tsaya ki tambaya. Mai haɗarin shi ne wanda ya yi kama da namu har kika ɗauka kin gane.

"See eye to eye" ba ido da ido ba ne. Ido da ido namu haɗuwa ce ƙiri-ƙiri ba ta hannun ɗan aike ba, Turancinsa "face to face" ko "in person". Nasu kuwa daidaituwar ra'ayi ne, bakinsu ya zo ɗaya. An fi amfani da shi a kore: "The two brothers don't see eye to eye on the sale of the farm", ra'ayinsu ya saɓa a kan sayar da gonar. Suna iya kwana ɗaki ɗaya suna cin tuwo tare. Wanda ya fassara shi da "ba sa ga-maciji da juna" ya kai abin inda bai kai ba, ya mayar da saɓanin ra'ayi gaba. Lafazin ya shigo ne daga Littafi Mai Tsarki, yana cikin fassarar Sarki James ta 1611, Ishaya 52:8. A Littafin ana samun da yawa daga cikinsu: "the apple of my eye", wanda "apple" ɗin ƙwayar ido ake nufi ba tuffa ba, ma'ana abin da aka fi ƙauna, "the blind leading the blind", makaho na jan makaho, da "an eye for an eye", wanda mu ma muka sani a hukuncin ƙisasi cikin Suratul Ma'ida aya ta 45.

"A sight for sore eyes" yabo ne. Kalmar "sore" ce ke ruɗarwa. Nufin shi ne idon da ya gaji ya ga abin da ya sanyaya shi, kamar ɗan'uwan da aka daɗe ba a gani ba ya yi sallama. Kishiyarsa "eyesore", abu mai muni da ke ɓata wuri, irin juji a bakin titi ko kangon da aka watsar. "Eyesore" ba ciwon ido ba ne, kuma ba "yana tsone mini ido" ba ne, domin tsone ido namu hassada ko ƙiyayya ce ke ciki, nasu muni ne kawai.

"Turn a blind eye" kau da kai ne, ka gani ka yi kamar ba ka gani ba, musamman in kai ne ya kamata ka hana. Yana tafiya da "to": "The invigilator turned a blind eye to the cheating." Labarin da ake jingina shi da shi na Horatio Nelson ne, hafsan sojan ruwan Ingila mai ido ɗaya. A yaƙin Copenhagen na 1801 shugabansa Hyde Parker ya ɗaga tutar a janye, shi kuma, a yadda ake ba da labarin, ya ɗora madubin hangen nesa a mataccen idon ya ce bai ga wata alama ba, ya ci gaba da yaƙin. Lafazin ya girmi wannan yaƙi a rubuce, amma labarin ne ya sa ya zauna a bakin mutane, kuma yana taimakawa wajen riƙe ma'anar: da sani aka ƙi gani.

Ki yi hattara da rufe ido. In Bahaushe ya ce ya rufe ido ya zazzage shi, cire kunya da sanayya yake nufi. Turanci ba shi da wannan. "Close your eyes to something" ƙin fuskantar gaskiya ne, "I can do it with my eyes closed" kuma abin ya zama mini ruwan sha. Rufa-ido namu na yaudara shi ne "pull the wool over someone's eyes". Jan ido ma haka. Yi wa mutum jan ido tsoratarwa ce, "red-eye" kuwa jirgin sama ne mai tashi cikin dare ya sauka da asuba, ko jan da filasha ke sa wa ido a hoto. "See red" shi ne fushi ya rufe wa mutum ido. "Keep an eye on" ya dace da sa ido mai kyau, na kula da yaro ko tukunya ko kaya a tasha. Sa ido na gulma ba ya ciki, ɗan sa ido "nosy" ne ko "busybody". Ruwan ido ba shi da alaƙa da ido a Turanci, "spoilt for choice" ne ko "indecisive". Idon ƙafa "ankle", idon ruwa "spring", su kuma kafar allura ce suke kira "the eye of a needle".

Akwai waɗanda suka zo daidai, ki yi amfani da su hankali kwance. "Seeing is believing", gani ya kori ji. "In the blink of an eye", ƙiftawa da bismilla. "Know someone by sight", sanin shanu. "Steal a glance", satar kallo. "See someone off", rakiya. "Sightseeing", yawon buɗe ido. "Wait and see", a zuba ido.

Abu ɗaya da ya wuce kalma. A tarbiyyarmu yaro ya kafe babba da ido tsaurin ido ne, sunkuyar da kai kuma ladabi. A Ingila da Amurka "look me in the eye" kira ne zuwa ga gaskiya, wanda ya kasa kuma zargi ake yi masa. In kika karanta "he couldn't look her in the eye" a labari, marubucin yana gaya miki mutumin yana da laifi ko yana ɓoye wani abu. In tambayar fahimta ta zo kika amsa da cewa yana girmama ta ne, kin faɗi.

Ɗalibar Aji Shida:

Na gode ƙwarai, malamai, na rubuta duka. Saura ɗaya. Ina ganin "20/20 vision" da "hindsight is 20/20". Lambar me take nufi? Kuma "sight", "eyesight" da "vision" abu ɗaya ne?

Malama Mai Awon Ido:

Ƙanwata, wannan daga ɗakin awo ya fito. Allon nan mai babban harafi a sama da ƙanana a ƙasa likitan ido ne ɗan ƙasar Holan, Herman Snellen, ya tsara shi a 1862. Ana tsayar da mutum ƙafa 20 daga allon, a rufe ido ɗaya, ya karanta har layin da ya gagare shi. Lambar sama nisan da ya tsaya ne. Lambar ƙasa nisan da mai lafiyayyen ido zai iya karanta wannan layin daga shi. Saboda haka 20/20 na nufin yana ganin abin da ya kamata a gani daga ƙafa 20, 20/40 kuma sai ya matso ƙafa 20 kafin ya ga abin da wani ke gani daga ƙafa 40. Amurka ce ke awo da ƙafa. A Ingila da Nijeriya da mita ake yi, ƙafa 20 kusan mita 6 ce, don haka a katin asibiti 6/6 za ki gani, 20/40 kuma 6/12. Wanda bai iya boko ba ana sa masa allon harafin E mai juyawa, ya nuna da hannu inda ƙafafun suka fuskanta.

Mutane na ɗauka 20/20 shi ne ƙarshen kyawun ido. Matsakaici ne kawai, matasa da yawa suna kaiwa 6/5. Kuma kaifin gani na tsakiya kaɗai yake aunawa, bai ce komai ba a kan ganin gefe ko launi. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda idonsa mafi kyau bai kai 6/18 ba yana da raunin gani matsakaici, wanda bai kai 6/60 ba mai tsanani, wanda bai kai 3/60 ba shi ne makaho. Wato ba duk wanda aka rubuta wa "blind" ne yake cikin duhu ɗungurum ba, wasu suna ganin haske da motsin hannu. A rubutu na hukuma an fi son "visually impaired" ko "partially sighted" ga mai sauran gani.

"Hindsight is 20/20" daga nan aka aro shi. "Hindsight" ganin abu bayan ya wuce, "foresight" hangen nesa. Ma'anar ita ce bayan abu ya faru kowa gwani ne. Ana faɗar sa don kare wanda ake zargi, ko don mai da-na-sani ya sassauta wa kansa.

"Eyesight" ƙarfin ido ne kawai, ba ta da wata ma'ana. "Sight" baiwar gani ce, "he lost his sight", kuma abin da aka gani, kuma aiki ce: ganin jinjirin wata a jaridu "moon sighting" ne. "Vision" ita ce kalmar asibiti, "blurred vision" gani dishi-dishi, "double vision" ganin abu biyu-biyu, sannan tana nufin abin da aka nuna wa mutum a mafarki ko wahayi, da kuma manufar da shugaba ya hango. Shi ya sa aka yi "Vision 2010" a zamanin Abacha, Saudiyya kuma ta fito da "Vision 2030" a 2016. Shirin yaƙi da makanta da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar tare da abokan aikinta a 1999 an sa masa "Vision 2020" da gangan, don ya haɗa shekarar da lambar awon. "Visibility" kuwa ba a idon mutum take ba, a sarari take. In hazon hunturu ya hana jirgi sauka a Kano, "poor visibility" za a ce, idon matuƙin ƙalau yake.

Wasu kalmomin asibitin sun fita waje sun zama karin magana, kuma sanin asalin yana hana kuskure. "Short-sighted" na Ingila, "nearsighted" na Amurka, shi ne mai ganin kusa ba ya ganin nesa, ɗalibin da ke karanta littafi lafiya amma allo ya gagare shi. A takardar tabarau lambarsa tana da alamar ragi. A karin magana "a short-sighted decision" shawarar da ba a duba gaba ba ce. Kishiyar tana da ɗan ƙulli. "Long-sighted" a Ingila matsalar ido ce, "far-sighted" yabo ne na hangen nesa, amma a Amurka "farsighted" tana ɗauke da duka biyun. Nisanta takarda da mutum ke fara yi bayan shekara 40 wani abu ne daban, taurin da madubin cikin ido ke yi da shekaru, maganinsa "reading glasses".

"Tunnel vision" a waje kafewa a kan abu ɗaya ne har a kasa lura da sauran. A asibiti ganin gefe ne ya mutu, saura na tsakiya, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Babban mai jawo shi hawan jinin ido ne, wanda ake kira "glaucoma". Irin da ya fi yawa ba ya ciwo, yana ci daga gefe, mutum yana iya karanta 6/6 alhali rabin filin ganinsa ya tafi, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Yanar ido, wato "cataract", ana cire ta da aiki gani ya dawo, hawan jinin ido kuwa sai dai a tsayar da shi da ɗigon magani ko aiki. Duk wanda ya haura 40, ko akwai cutar a gidansu, ya je a auna masa matsin ido a duba jijiyar.

"Blind spot" kowa yana da shi. Wurin da jijiyar gani ta fita daga bayan ido babu ƙwayoyin karɓar haske. Ki gwada: ki zana gicciye a hagu da ɗigo a dama, tsakaninsu santimita 8. Ki rufe idon hagu, ki kafe gicciyen da na dama, ki riƙa matso da takardar a hankali. Wajen santimita 30 daga fuskarki ɗigon zai ɓace. In bai ɓace ba, idon ya zame ya koma kan ɗigon ne, ko takardar ta karkace. Daga nan direbobi suka samu sunan wurin da madubin gefe ba ya nunawa, aka kuma samu "he has a blind spot about his son", laifin ɗansa ne kaɗai ba ya gani.

Tsohon Akawu:

Ina da ja kaɗan, malamai. A ofisoshinmu kullum ana cewa "eye service", ana kuma buga wa kwafin takarda "original sighted". Wasu na cewa wannan ba Turanci ba ne. In ɗaliba ta rubuta su, an ci ta ko ba a ci ta ba?

Malamin Nahawu:

Ranka ya daɗe, dukansu Turanci ne, sai dai kowanne da inda yake aiki. "Eyeservice" tsohuwar kalma ce, tana cikin fassarar 1611 ɗin da Tafinta ya ambata, Afisawa 6:6, da ma'anar da muka sani, aikin ganin ido. A Ingila ta kusa fita daga bakin mutane, a Nijeriya ta rayu. Mai duba takardar WAEC zai gane ta, amma a jarrabawar Turanci ta ƙasa da ƙasa irin IELTS gara a faɗi abin a fili, "he only works when the boss is watching". Kada a musanya ta da "lip service", wanda shi goyon baya ne na fatar baki. "Original sighted" lafazin ofis ne mai kyau a wurinsa, jami'i ya ga takardar asali da idonsa. Abin lura shi ne rubutun: "sight" gani, "site" fili ko wurin gini, "cite" kawo hujja daga wani littafi, dukansu furucinsu ɗaya. "Shine your eye" kuwa Turancin buroka ne, a rubutun jarrabawa "keep your eyes open" ko "be on your guard" za a sa.

Tunda ofis ya shigo, 'yata ki ƙara waɗannan, domin suna iya juya wasiƙa gaba ɗaya. "Oversee" kula da aiki ne a matsayin shugaba. "Overlook" tsallake abu ne ba a lura ba, ko yafe ƙaramin laifi, ko gini ya fuskanci wuri daga sama, "the room overlooks the market". "Look over" dubawa ce sama-sama. Wanda ya rubuta a takardar neman aiki "I overlooked the project for two years" yana nufin shi ya jagorance shi, ya shaida wa masu ɗaukar aiki cewa shekara biyu ya yi yana sakaci da shi. "Oversaw" ya kamata ya sa. "Oversight" kuma tana cin ɓangare biyu. In da "an" a gabanta, "it was an oversight", kuskure ne na rashin lura. In babu, kamar "oversight functions" da ake faɗa a kan kwamitocin majalisa, sa ido ne a kan ma'aikatu.

"See through" ma wurin da aka ajiye abin ne ke yanke ma'ana. "I saw through his plan", na gano dabararsa. "I saw the plan through", na tsaya a kai har aka kammala. "See to it that the gate is locked" umarni ne a tabbatar an kulle ƙofa, kuma aikin da ke bayan "that" ba ya ɗaukar "will", ko da gobe za a yi shi.